Kwana Arba'in Babu Ɗaya a Gindin Bango

Ranar ɗaurin auren ƙanwata ni aka ba sarƙar wuyanta. Haka al'adar take a wajenmu Yahudawa: amarya ba ta shiga ƙarƙashin huffa, wato rumfar da ake ɗaura aure a cikinta, da gwal a jikinta. Sai ta cire 'yan kunne da awarwaro da sarƙa, ta rarraba wa ƙawayenta da ba su yi aure ba, su sa har a tashi, ko albarkar ta shafe su. Shekararta 23, ni ina da 34. Da hannunta ta ɗaura mini sarƙar, sannan ta buɗe tafinta ta nuna mini wata 'yar takarda da ta ninke, mai ɗauke da sunayen waɗanda za ta roƙa wa Allah idan ta tsaya a rumfar, domin mun yarda cewa addu'ar amarya a wannan lokacin ba ta faɗuwa ƙasa. Sunana ne na farko, haɗe da na mahaifiyarmu, kamar yadda ake rubuta sunan duk wanda ake nema wa jinƙai.

Na yi rawa a daren nan har ƙafafuna suka yi tsami, kuma da zuciya ɗaya na yi. Amma duk matar da ta rungume ni sai ta raɗa mini kalmomi biyun nan da kowace tuzuruwa a Birnin Ƙudus ta hardace, "bekarob etslek", wato saura ke, Allah ya kawo naki nan kusa. Kowacce da kyakkyawar niyya ta faɗa, kowacce na amsa mata da amin. Da na koma ɗakina a unguwar Katamon wajen ƙarfe ɗayan dare, na zauna a bakin gado da kayan biki a jikina, na nemi abin da zan ce wa Ubangiji na rasa. Shekara goma sha biyu ina roƙon abu ɗaya, har kalmomin sun zagwanye kamar sabulun da aka bari a ruwa.

Wanda bai zauna cikin Yahudawa masu riƙon addini ba, da wuya ya gane yadda rashin aure yake bayyana a jikin mutum. Matar aure tana rufe gashinta, budurwa ba ta rufewa, don haka ko daga nesa an san matsayinki. A majami'u da yawa na Ashkenazawa, Yahudawan da asalinsu Turai ne, namiji ba ya yafa mayafin addu'a sai ya yi aure. A gidanmu matar aure kyandir biyu take kunnawa ranar Juma'a da yamma don tarbar Shabat, ranar hutunmu ta Asabar, budurwa ɗaya. Kusan komai na addinin a kan teburin iyali aka gina shi: maigida ya sa albarka a kan kofin inabi, ya ɗora hannu a kan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, a yanka burodi a miƙa wa kowa. Mu da ke Katamon, unguwar da ta yi suna da samari da 'yan mata masu addini da ba su yi aure ba, mukan haɗu goma ko sha biyu a gidan haya, kowa ya kawo kwanonsa, mu yi namu Shabat ɗin. Da daɗi, ba na musu. Sai dai kowace shekara abokan zaman suna watsewa zuwa gidajensu, waɗanda ke maye gurbinsu kuma sa'o'in ƙannena ne.

Ban naɗe hannu ba. Takardar bayanaina, mai ɗauke da makarantun da na yi da asalin dangina da lambobin waɗanda za a tambaya halina, tana hannun masu dalilin aure shida ko bakwai. Shadkanit muke kiran mace mai wannan aikin. Na zauna a harabar otal-otal da maza masu yawa, shayi yana hucewa a gabanmu, muna tambayar juna 'yan'uwa nawa gare ka, ina kake son zama. Na je Amuka, kwarin nan da ke kusa da Safed a ƙasar Galili, inda kabarin Yonatan ben Uziyel yake, almajirin babban malamin nan na da Hillel, kabarin da marasa aure suke tururuwa zuwa wajensa musamman ranar 26 ga watan Siwan. Na ga gyale-gyalen da mata suka ɗaure a rassan itatuwa, rana ta ƙoɗar da su. Abu ɗaya ya rage wanda kowa yake ba ni labarinsa ban taɓa yi ba: zuwa Kotel, Bangon Yamma, kwana arba'in a jere, a roƙi abu guda.

Ba farilla ba ce. Ba ta cikin Attaura, ba ta cikin Talmud, babban kundin koyarwar malamanmu na da. Segula muke kiran irinta, aikin da jama'a suka gada suna sa ran albarkarsa. Arba'in ɗin dai tana da tushe a zuciyar kowane Bayahude. Kwana arba'in Musa ya yi yana roƙa wa jama'arsa gafara bayan sun bauta wa ɗan maraƙin zinariya. A farkon sashen Sota na Talmud kuma an ce kwana arba'in kafin a siffanta jariri wata murya takan yi shela daga sama, 'yar wane ta wane ce. A wannan shafin dai aka ce haɗa miji da mata yana da wuya kamar tsaga teku. Na zaɓi in fara da kamawar watan Elul, wanda yake faɗowa tsakanin Agusta da Satumba, domin daga nan zuwa Yom Kifur, ranar azumin neman gafara, kwana arba'in ne, kwanakin da aka ce Musa ya koma kan dutse ya sauko da alluna na biyu.

Da na gaya wa mahaifiyata a waya, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ki ce bli neder." Na ce, "Ima, ai na riga na ƙudura." Ta ce, "Shi ya sa. Faɗa da bakinki yanzu in ji." Ma'anarsa, ba da alwashi ba. Alwashi abu ne mai nauyi ƙwarai a addininmu, don haka ake koya wa yara su riƙa faɗar haka kafin su ɗauki kowane aikin alheri. Na faɗa don in faranta mata, a raina kuwa na san ko rana ɗaya ba zan tsallake ba. Aikina lissafin kuɗi ne a wani ofis, na saba da shafin da dole sai ya daidaita kafin a tashi. Na ɗauki ruler na zana gidaje arba'in a bangon baya na littafin Zaburata.

Ranar farko na fito da sassafe. Bas ta sauke ni kusa da Ƙofar Juji, na bi layin bincike, jakata ta wuce ta cikin na'ura. A bakin filin akwai famfuna da kofuna masu hannu biyu, na zuba wa hannun dama, na zuba wa hagu, na gangara ɓangaren mata. Yana dama idan an fuskanci bangon, ya fi na maza ƙanƙanta, kullum kuma a cike. Bangon kansa ragowar katangar da aka gina tun zamanin Sarki Hirudus ce don ta tallafe tudun da Haikali yake kai, wanda Romawa suka rushe a shekara ta 70. Musulmi suna kiransa Bangon Buraƙa, Masallacin Ƙudus kuma yana sama da kawunanmu, don haka idan na zo da rana sau da yawa ina tsaka da karatu ladan zai kira salla, muryarsa ta lulluɓe filin duka. Filin nan da muke tsayawa unguwar Magaribawa ce a da, aka rushe ta a 1967. Wuri ne da hawayen mutane iri-iri suka zuba a kansa, kuma ban taɓa tsayawa a can na manta da haka ba.

Sai an yi haƙuri ake kai wa ga dutsen. Ki tsaya a bayan wata, ki jira ta gama, ta ja da baya, ki matsa. Duwatsun da ke daidai fuskar mutum sun yi sumul sun yi duhu saboda hannaye da goshi. Da safe suna cikin inuwa, sanyi ƙalau, da la'asar kuwa rana ta gasa su har sai kin ji ɗumi a kumatunki. Kowace tsaga cike take da takardu, wasu an nannaɗe su sun yi siririya kamar ashana, wasu sun zubo ƙasa. Can sama ciyayi sun tsiro daga tsakanin duwatsu, tattabaru suna shiga suna fita. Na rubuta tawa takardar, na tura ta da farce cikin wata tsaga daidai kafaɗata ta hagu, na lura da wurin sosai.

Tsarin da na yi wa kaina bai da yawa. In karanta Zabura ta 27, wadda ake ƙarawa a addu'o'in wannan watan. In yi Amida, addu'ar da ake yi a tsaye ƙafafu a haɗe, murya ƙasa-ƙasa, mai albarka 19. A ta 16, wadda ta fara da "Ka ji muryarmu", malamai sun yarda mutum ya saka buƙatar kansa, nan nake saka jimlata: ka haɗa ni da mijina na gaskiya, cikin sauƙi, nan kusa. In jefa sadaka a hannun ɗaya daga cikin tsofaffin da ke zaune a bakin matakala. In fita da baya-baya, domin ba a juya wa bangon ƙeya. Daga ɓangaren maza a busa shofar, ƙahon rago, kamar yadda ake yi kowace safiya a Elul ban da Asabar. Ina shiga bas sai in ciro biro in cike gida ɗaya. Minti ashirin da biyar, an gama.

Ranar Asabar ba bas, ba waya, ba rubutu. Da ƙafa nake zuwa, kusan awa ɗaya: in bi ta wajen tsohuwar injin niƙa mai fukafukai da Musa Montefiyore ya gina a 1857, in gangara kwarin Hinnom, in hau zuwa Ƙofar Sihiyona da har yau harsasan yaƙin 1948 suka bar mata tabo, in ratsa unguwar Yahudawa in sauka. Gidan wannan ranar sai taurari sun fito nake cike shi.

A rana ta tara wata shadkanit ta kira ni. Akwai wani, shekararsa 37, malamin makaranta, mai natsuwa. Na ji tsikar jikina ta tashi. Mun haɗu sau uku cikin kwana goma sha biyu, kuma rabon da in ji daɗin hira da wani haka an daɗe. Yana saurare, yana dariya da idanunsa, ya tambaye ni wace aya nake komawa gare ta idan raina ya ɓaci. Tun daga haɗuwa ta biyu na canja jimlata a gindin bango, na fara ambaton sunansa. Na san labarin da ke sashen Mo'ed Katan na Talmud, inda malamin nan Raba ya ji wani yana roƙon a ba shi wata mace takamaimai, ya ce masa kada ka roƙa haka, in taka ce ba za ta kuɓuce maka ba, in kuwa ba taka ba ce za ka ƙare da musun Allah. Na sani, amma na ga kamar ni ban da ni. Ai ga shi na zo kwana tara, ga amsa ta fito, lissafi ya fara daidaita.

A rana ta 21 da yamma shadkanit ɗin ta kira. Tun daga yadda ta ja gaisuwa na gane. Ta ce mutumin ya ce ke mutuniyar kirki ce, ba shi da abin da zai kushe, amma bai ga hanyar ci gaba ba. Na yi mata godiya kamar yadda ya kamata. Daren nan zazzaɓi ya rufe ni, ko na ɓacin rai ne ko wanda ke yawo a ofis, na kwana ina rawar ɗari ina amai. Washegari na yi yunƙurin tashi sau biyu, jiri ya mai da ni. Na ce bari in ɗan runtsa in fita kafin faɗuwar rana, domin a wajenmu rana tana ƙarewa ne da faɗuwarta. Da na farka ɗakin ya yi duhu.

Na buɗe bangon littafin na dubi gida na 22. Abin da na ji a lokacin ya fi zafin maganar mutumin nan. Na ji kamar na zubar da kwana 21 a rariya, kuma kamar ni na jawo, tunda kowa ya san sharaɗin a jere ne, in an tsallake a koma farko.

Na kira matar limamin majami'armu, dattijuwar da ke karantar da mu mata duk ranar Talata. Na ce, "Rabanit, na karya. Daga farko zan sake?" Ta tambaye ni ko na ce bli neder, na ce Ima ta sa ni na faɗa. Ta ce to babu zunubi a kaina, Allah ya saka wa uwata. Sannan ta ce in jira, na ji tana jan littafi daga kanta. Ta buɗe sashen Berakot, shafi na 32, ta karanta mini maganganu biyu da suke kamar suna karo. Ɗaya ta ce duk wanda ya tsawaita addu'a ba za ta dawo masa hannu rabbana ba. Ɗayar, da sunan Rabi Yohanan, ta ce duk wanda ya tsawaita addu'a yana leƙa ta, ƙarshensa ciwon zuciya, aka kawo ayar nan ta Karin Magana mai cewa sa rai da aka ja shi da nisa yakan sa zuciya ciwo. Talmud ya warware da cewa bambancin a leƙen yake, wato mutum ya roƙa sannan ya tsaya yana duba ko an biya shi daidai da wahalarsa.

Ta ce, "'Yata, ke kin je ne da kuɗi a hannu kina jiran a miƙo kaya. Bango ba kanti ba ne."

Maganar ta yi mini ciwo, na kusa ajiye wayar. Na ce to in daina sa rai ke nan? Ta ce a'a, saurara, shafin bai ƙare ba. A nan dai Rabi Hama ɗan Hanina ya ce idan mutum ya ga ya yi addu'a ba a amsa ba, ya koma ya sake, ya kafa hujja da ayar ƙarshe ta Zabura 27, wadda na yi kwana 21 ina karantawa da sauri: ka sa rai ga Ubangiji, ka ƙarfafa, zuciyarka ta dake, ka kuma sa rai ga Ubangiji. Ta ce in lura sau biyu aka faɗa, a tsakaninsu kuma babu inda aka ce an ba shi. "In kina so ki sake arba'in bayan bukukuwa ba mai hana ki. Amma gobe, in kin iya tsayuwa, ki je."

Zan faɗi wani abu a nan da yake ci mini rai har yau. Akwai tallace-tallace da ake liƙawa a bangon unguwanninmu da shafukan mujallu, ka ba da kaza a yi maka addu'ar kwana arba'in, ga labaran waɗanda aka sa musu rana a kwana na 39. Ba na ƙin sadaka, ba na kuma ƙaryata waɗanda abin ya faru gare su. Amma ba wanda yake buga labarin wadda ta gama arba'in ɗinta ta koma ɗakinta ita kaɗai, alhali mu ma muna nan, muna da yawa. Idan aka yi wa mace alkawarin da Allah bai yi ba, ranar da bai cika ba kanta za ta tuhuma, ta ce ko imaninta ne bai kai ba. Tuzuruwa ta riga ta sha jin cewa ruwan ido ne ya hana ta aure. Bai kamata a ƙara mata da cewa addu'arta ma ba ta iya ba.

Na koma a rana ta 23 da la'asar, jikina ba ƙarfi. Na zauna a kan farar kujerar roba na daɗe, da wuri ya samu na matsa na jingina goshina. Ban buɗe littafi ba. Na tuna koyarwar Rabi Nahman na Breslob, wanda ya rasu a Uman a 1810, cewa mutum ya ware lokaci kullum ya yi wa Ubangijinsa magana da harshen da yake hira da shi, kamar yadda zai yi wa amininsa, kuma in ya kasa cewa komai sai kalma ɗaya, ya yi ta maimaita ta. Na ce "Ribono shel olam", Ubangijin talikai. Na sake faɗa. Ban san sau nawa ba.

Can sai bakina ya buɗe. Na gaya masa ina tsoro. Na ce shekarata 34, ina ƙirga shekarun haihuwa da suka rage mini duk daren da na kasa barci. Na ce na gaji da zama baƙuwa a teburin mutane, a ajiye ni a ƙarshe kusa da yara. Na ce na yi murnar auren ƙanwata da gaske, kuma na yi kishinta da gaske, ban san yadda zan yi da su biyun ba. Na ce ina jin haushinsa, kuma ina jin kunyar haka. Shekara goma sha biyu ban taɓa faɗa masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kullum jimla mai ladabi nake miƙawa kamar takardar neman aiki. Na yi kuka irin wanda yake girgiza kafaɗu, ba wadda ta waiwayo, domin a wurin nan kuka ba baƙon abu ba ne.

Da na ja da baya, wata tsohuwa mai ɗankwali shuɗi ta kama hannuna ta danƙa mini hankici. Ba ta tambaye ni me ya faru ba. Ta ce, "Sunanki, da na mahaifiyarki?" Na faɗa, ta maimaita sau biyu don ya zauna. Sannan ta ce tana da 'ya mai shekara 41, ta faɗi sunan, ta ce, "Ki riƙe mini ita, ni zan riƙe ki." Ban sake ganinta ba. Na san maganar da ke sashen Baba Kama, cewa wanda ya roƙa wa ɗan'uwansa abin da shi ma yake bukata, shi ake fara amsa wa, kuma na ji zuciyata ta yi wuf za ta mai da wannan ma dabara. Amma kwana kaɗan da fara ambaton sunan, sai na ga ina tunanin matar nan da ban taɓa gani ba, ina take cin abincin daren Shabat, wa yake kiranta in ba ta da lafiya. Na ƙara sunayen ƙawayena na Katamon, har suka kai goma sha ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki sabuwar shekara na tarar da ma'aikata suna kwashe takardun bangon da sandunan katako suna zubawa a buhuna. Sau biyu a shekara ake yin haka, kafin Idin Ƙetarewa da kafin Rosh Hashana, wato sabuwar shekararmu, a kai su Dutsen Zaitun a binne ba tare da an karanta ba. Na duba tsagar da ke daidai kafaɗata ta hagu, wayam. Ban rubuta wata ba. A waɗannan dararen filin yakan cika maƙil da masu neman gafara har tsakar dare, dubban muryoyi suna rera selihot, addu'o'in tuba, tare, wani lokaci ko kusa da dutsen ba na iya kaiwa, sai in tsaya daga baya inda nake hango shi.

Ranar farko ta Rosh Hashana ana karanta labarin Hannatu a majami'a. Kowace shekara ina jinsa, amma bana ne ya shige ni. Ba ta haihuwa, kishiyarta Feninna tana tsokanarta, mijinta Elkana yana lallashinta da cewa ashe ban fiye miki 'ya'ya goma ba. Ta tashi ta shiga wurin ibada a Shilo da ɗacin rai, leɓunanta suna motsi ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta bugu. Daga wannan matar malamanmu suka koyi yadda ake yin Amida, a asirce, leɓe yana motsi, zuciya tana wurin. Sun kuma ce ta yi wa Allah magana ba ɓoye-ɓoye, ta ce cikin dukan rundunonin da ka halitta, ɗa guda ne zai yi maka wuya ka ba ni? Abin da ya tsayar da ni shi ne ayar da ta biyo bayan Eli ya sallame ta: matar ta kama hanyarta, ta ci abinci, fuskarta ba ta ƙara zama kamar da ba. A lokacin ba ta da ciki. Ba ta da komai a hannu da ba ta zo da shi ba. Ina tsaye a bayan labulen mata na rufe fuskata da littafi. Washegari aka karanta Irmiya, inda Rahila take kuka saboda 'ya'yanta aka ce mata akwai sa zuciya ga ƙarshenki. Duka ranakun biyu bayan cin abinci na taka zuwa bango na dawo.

Ranar Yom Kifur ba mota ko ɗaya a titunan unguwarmu, sai yara a kan kekuna. Azumin kusan awa 25 ne, ba ci ba sha, ba wanka, ba takalmin fata. Na sa fararen kaya da takalmin zane, na jira rana ta yi sanyi, na bi hanyata ta Asabar a hankali ina hutawa a inuwa. A Mishna, littafin da aka gina Talmud a kansa, an ce a zamanin da 'yan matan Urushalima, wato Birnin Ƙudus, sukan fita gonakin inabi a wannan ranar da kuma ranar 15 ga watan Ab, sanye da fararen kayan aro don kada a kunyata wadda ba ta da shi, suna rawa suna cewa samari su ɗaga ido su zaɓa. Na tuna da su ina hawan tudun Sihiyona, maƙogwarona a bushe.

Na iso ana shirin Ne'ila, addu'ar ƙarshe, ta rufe ƙofofi. Rana ta yi ja a saman duwatsun. A shafin nan da Rabanit ta karanta mini akwai maganar Rabi Ele'azar, cewa tun da aka rushe Haikali an kulle ƙofofin addu'a, amma ƙofofin hawaye ba a kulle su ba. Na karanta sunaye goma sha ɗayan nan a zuciyata, na sa nawa na goma sha biyu. Na roƙi miji, ƙarara, ban rage komai ba, domin har yanzu ina so, kuma ba na jin kunyar so. Na roƙa wa malamin makarantar nan ma ya sami tasa. Aka ɗaga murya sau bakwai ana cewa Ubangiji shi ne Allah, aka busa ƙaho dogon busa guda, filin ya ɓarke da waƙa.

Wata yarinya ta miƙo mini ruwa a kofin roba da guntun kek, na sha na ci a tsaye. Kafin in kai Katamon na fara jin ƙarar guduma daga baranda zuwa baranda, maƙwabta sun fara kafa bukkokin idin da ke tafe. Na shiga ɗaki na buɗe bangon littafin, na cike gida na 40. Na 22 na bar shi fari.

Yanzu shekarata 35, ban yi aure ba. Ina zuwa bango duk ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki, wani makon da littafi, wani makon da bakina kawai. Cikin sunayen nan an ɗaura wa biyu aure, na je na yi rawa a duka biyun, ɗaya ta ba ni 'yan kunnenta na sa. Sunan 'yar tsohuwa mai shuɗin ɗankwali yana nan a saman takardar. Jiya wata shadkanit ta kira ta ce akwai wani daga Haifa da zai shigo gari ranar Lahadi, na ce mata ƙarfe takwas ya yi mini.